Harshe da Raha a Fim Ɗin Mister Johnson

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin fim a Arewacin Nijeriya sukan faro daga majigin gwamnati, su biyo ta kan Shehu Umar na 1976, sannan su gangaro zamanin bidiyo. Akwai wani fim da aka cika tsallakewa, wato Mister Johnson na 1990, wanda aka ɗauka a yankin Toro ta Jihar Bauci. Fim ne na ban dariya da ke ƙarewa da ban tausayi. Masharhanta na ƙasashen Turai da Amurka sun yaba shi, amma bai yi kasuwa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa babban rauninsa ga mai kallo ɗan ƙasa yana cikin zaɓin harshen da aka ɗora raharsa a kai.

2.0 Asalin Fim Ɗin da Wahalar Shirya Shi

An ciro fim ɗin daga ƙagaggen labarin da Joyce Cary ya wallafa a 1939. Cary ba baƙon Arewa ba ne. Ya yi aikin mulki a Nafada da Borgu, ya gina hanyoyi, kuma an ji masa rauni a dutsen Mora a 1915 lokacin yaƙin Ingila da Jamus a Kamaru. A 1952 mujallar Time ta ɗora littafin a kan duk wani ƙagaggen labari da aka rubuta game da Afirka. Chinua Achebe, wanda ya karanta shi yana ɗalibi a Badun, bai yarda da haka ba ko kaɗan, ya kuma sha bayyana cewa ɓacin ran da littafin ya jawo masa yana cikin abubuwan da suka tura shi rubutu.

Wanda ya daɗe da burin mayar da littafin fim shi ne John Huston, amma ya mutu a 1987 bai cika burin ba. Abokin aikinsa, Michael Fitzgerald, ya miƙa aikin ga Bruce Beresford, mutumin Ostireliya, wanda ya taɓa aikin tace fim a Inugu a tsakiyar shekarun 1960. William Boyd ya tsara wasan. An ba Pierce Brosnan matsayin Di'o, an ba Maynard Eziashi, haifaffen Landan wanda bai taɓa jan ragamar fim ba, matsayin akawu. An zo ɗauka a lokacin da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, harkar fim ɗin silima kuwa tana numfashin ƙarshe a ƙasar. Babbar asarar da aikin ya gamu da ita ita ce ta Hubert Ogunde, jigon wasan daɓe na Yarbawa, wanda ya fito a matsayin Brimah. Ya kamu da rashin lafiya, ya mutu a Landan ranar 4 ga Afrilu, 1990, kafin fim ɗin ya fito. A 1991 Eziashi ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finai na Balin ta Jamus, amma kyautar ba ta cika gidajen silima ba.

3.0 Inda Aka Jingina Rahar

Labarin ya faru a 1923 a wani ƙagaggen gari mai suna Fada. Johnson akawu ne ɗan Kudu mai ɗaukar kansa Bature, ga farin kwat, ga bashi ya yi masa katutu. Di'o Rudbeck kuma ba shi da tunani sai na hanyar mota da za ta haɗa Fada da hanyar Kano. Da kuɗi suka ƙare, Johnson ya koya masa karkatar da kuɗin wani fanni zuwa wani. Da asiri ya tonu, akawun aka kora. Daga nan ya yi aiki a kantin wani Bature, Gollup, daga baya ya kashe shi garin sata, aka yanke masa hukuncin rataya, ya roƙi Rudbeck ya harbe shi da hannunsa, shi kuwa ya harbe shi.

Kusan duk maganar da ke ɗauke da labari da Ingilishi aka yi ta, kuma dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin Ingilishin Johnson da na iyayen gidansa. Wato an gina ta ne domin kunnen da ya tashi da Ingilishi, wanda zai ji kuskuren nahawu da ƙasaitar banza a take. Hausa kuwa, wadda ita ce harshen kasuwa da fada da mulkin En'e, an bar ta a matsayin ado: Waziri, zango, hayaniyar 'yan kasuwa. Wannan ya juya gaskiyar zamanin. Jami'an mulkin mallaka a Arewa sai sun zauna jarrabawar Hausa kafin su ci gaba a aiki, saboda haka a zahiri Di'o ne mai gwaranci a gaban jama'a. Rabin rahar da ke cikin irin wannan zama, wato Bature yana kokawa da karin sauti da tsawon wasali dogarai suna danne dariya, ba ta samu shiga ba.

Misalin Yola da Jimeta zai ƙara fito da batun. Bayan Turawa sun ci Yola a 1901, Fillanci ya ci gaba da zama harshen fadar Lamiɗo, Jimeta kuwa ta bunƙasa a bakin Binuwai da kantunan kamfanoni irin na Gollup da akawuna 'yan Kudu irin Johnson. Da Hausa Bafillace da Babate da Bachame da baƙon Kudu suke ciniki. Akawu a irin wannan gari mutum ne mai baki biyu ko uku, kuma ƙarfinsa duk a tafinta yake: abin da ya faɗa wa Bature daban, abin da ya faɗa wa talaka daban. Nan ne ainihin wasan yake. Fim ɗin ya nuna Johnson yana cin amanar ofis yana kai wa Waziri rahoto, amma da yake an daidaita harsunan zuwa ɗaya, mai kallo ba ya jin sauyin murya da sauyin girma da ke tafiya tare da sauyin harshe.

Ba a rasa abin koyi a kusa ba. A shekarun da suka gabaci fim ɗin, Usman Baba Pategi ya riga ya mayar da barikanci, wato Hausar soja mai gauraye da Ingilishi, abin dariya a shirin Samanja Mazan Fama, Karkuzu kuma yana tashe a Jos, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Toro. Bambancin shi ne, a Samanja mai kallo ya san Hausar da ake karyawa, ya san mai karya ta, saboda haka dariyar ta cikin gida ce, irin ta taubasai, kamar yadda Bafillace da Babarbare suke yi wa juna. Taubashi yana da damar ramawa. Johnson ba shi da ita, domin harshen da zai rama da shi ba ya cikin fim ɗin. Eziashi ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya ba akawun wayo da mutunci fiye da yadda littafin ya ba shi, kuma wannan abin yabo ne, sai dai ɗan wasa ba ya iya gyara abin da aka riga aka yanke a rubuce.

Kada a ce rashin yiwuwa ne ya hana. Shekara 14 kafin Mister Johnson, Adamu Halilu, haifaffen Garkiɗa ta ƙasar Adamawa, ya ɗauki littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya mayar da shi cikakken fim ɗin silima da Hausa, aka kuma nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Ikko.