Kafin ka buɗe wa Meta AI cikinka

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba sai an koya wa mutum kama baki ba. Wanda ya ga daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ya kuma ga yadda aka katse layukan waya a Satumbar 2021, ya san illar infoma. Mutum zai sayar da sa a kasuwar Sheme, ko maƙwabcinsa ba zai ji kuɗin ba.

To amma shi wannan mutumin, da dare ya yi, sai ya shiga WhatsApp ya taɓa Meta AI, wadda ta iso Najeriya a 2024, ya rubuta mata sunansa da ƙauyensu da ribar da ya ci, wai ta yi masa lissafi. Wata kuma ta ɗauki hoton takardar asibiti, suna da komai, ta tura.

Hirarka da ɗan'uwanka a WhatsApp a kulle take, kamfanin ma ba ya karantawa. Abin da ka rubuta wa ƙirƙirarriyar basira irin Meta AI kuwa wurin kamfanin yake zuwa. Google da kansa ya gargaɗi masu amfani da tasa basirar, Gemini, cewa ma'aikata kan duba wasu hirarrakin.

Doka akwai. A Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar NDPC, kuma a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Madalla. Sai dai a ganina haɗarin da ya fi kusa da mu yana rumfar mai caji. Ka ajiye waya ba mabuɗin sirri, ka tafi sallah, duk abin da ka tambaya yana nan a jere, sai wanda bai ga damar karantawa ba. Haka in ɓarayin daji suka ƙwace ta a hanya.

Sannan na'urar ba 'yar gari ba ce. Tambaye ta ko hanyar Funtuwa zuwa Sabuwa lafiya yau, za ta iya ba ka amsa mai daɗi cikin natsuwa, alhali ba ta san abin da ya faru da asuba ba. Wannan tambayar direbobin tasha ake yi wa.

Yi amfani da ita, tana taimakon ɗalibi da ɗan kasuwa. Amma cire suna da lambar NIN da BVN, kada ka ambaci ranar tafiyarka ko inda 'yan sa-kai ke kwana. In kun gama, goge hirar, ka sa wa wayar mabuɗi. Iyaye kuma, don Allah ku zauna da yaranku yau ɗin nan ku ga abin da suke faɗa mata game da gidanku.