Yadda kuɗin ruwa ke taruwa a asusun ajiya

Kuɗin da ka ajiye a banki ba kwanciya suke yi ba. Banki yana ba da su bashi a kan ruwa mai tsada, sannan ya yaga maka ɗan kaso.

A shekara ake faɗin kason, amma galibi wata-wata ake zuba shi. Misali, Naira 100,000 a kan kashi 8 cikin ɗari za ta haifi 8,000 a shekara, kusan 667 ke nan kowane wata. In ba ka taɓa ba, ruwan da ya shiga shi ma sai ya fara haihuwa.

Tun 2022 Babban Bankin Najeriya ya ce kada ruwan ajiya ya gaza kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin ruwansa. Sai dai akwai sharaɗin da ya kamata a riƙa faɗa wa mutane ƙarara: wanda ya cire kuɗi fiye da sau 4 a wata ya rasa ruwan watan. Talaka mai cefanen yau da gobe shi wannan ya fi shafa.

Masu gudun kuɗin ruwa kuwa, bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, suna da ajiyar mudaraba: a juya kuɗin a kasuwanci, a raba abin da aka samu.