Gyaran Yagewar Tantanin Ƙirji ta Hanyar Ƙaramar Huda

Wannan takarda za ta yi magana ne a kan wani rauni mai ɓuya, wanda likita a Asibitin Murtala Muhammad da ke Ƙofar Mata zai iya cin karo da shi a cikin waɗanda suka yi haɗarin mota ko suka faɗo daga soro. Abin nufi shi ne yagewar tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki, wanda da shi ake jan numfashi.

Idan sitiyari ya daki cikin mutum da ƙarfi, fata ba ta hudewa, amma kayan ciki sukan matsu har tantanin ya kece. Yawanci a hagu yake kecewa, domin hanta ta tokare dama. Tsagar kuwa ba ta haɗewa da kanta, saboda tantanin ba ya hutawa, ƙirji kuma yana zuƙo tumbi da hanji sannu a hankali. Tun a 1579 Ambroise Paré na Faransa ya ba da labarin wani hafsa da ya rasu wata 8 bayan harbi, hanjinsa ya shaƙe a wata 'yar kafa. Mai wannan ciwo yakan koma kasuwa lafiya lau, sai bayan shekaru ya dawo da amai da haki. A nan kuskure yake: tumbin da ya hau ƙirji yakan yi kama da iska a hoto, wanda ya yi gaggawar soka tiyo sai ya huda shi.

A da sai an tsaga ciki ko ƙirji. Amma tun da Philippe Mouret ya cire matsarmama da na'urar leƙe a 1987, hanyar ta yaɗu. Akan yi huda 4 ko 5, a hura iskar kabon-dayoksaid, a jawo kayan ciki su koma mazauninsu, sa'an nan a ɗinke tsagar da zaren da ba ya narkewa. In ta yi faɗi a sa mata raga. Majinyaci yakan tashi da wuri.

Sai dai a ganina sharaɗin ya fi dabarar muhimmanci. Wanda jini yake zuba a cikinsa, watau saifarsa ta fashe, ba a ɓata masa lokaci da na'ura, buɗe shi ake yi. Iskar da aka hura ma tana iya bi ta tsagar ta danne huhu, don haka akan rage ƙarfinta, a kuma ajiye tiyon ƙirji kusa da hannu.