Zawon Yara da Abin da Uwa Ke Iya Yi a Gida

Likitoci na kiran cuta zawo idan yaro ya yi kashi mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a yini guda, kuma abin da ke halaka yaro a cikinsa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki, wadda ake ganewa da zurmawar idanu, bushewar baki, ƙarancin fitsari da faɗawar maɗiga. A nan ne sanin uwa yake da nauyi, domin hankalin iyaye mata da yawa yana kan tsayar da kashin, sai su nufi kemis su sayo Flagyl, alhali yawancin zawon yara ƙwayoyin bairus ne ke haddasa shi, waɗanda irin wannan magani ba ya taɓa su.

Akwai kuma tsohuwar fahimtar nan ta zawon haƙori, wadda take sa a zuba wa yaro ido har ya galabaita. Gaskiyar lamarin ita ce lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe da fara shan kunu, inda yaro ke kai duk abin da ya tsinta baki, ƙazanta ta samu hanyar shiga cikinsa.

A shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar haɗa abu biyu: ruwan gishiri da sukari, wato garin ORS da ake narkar da ƙunshi ɗaya a lita guda ta ruwa mai tsabta, a zubar da ragowarsa bayan awa 24, da kuma ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Idan babu garin, ana zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda, kuma wajibi ne a kiyaye awon, domin gishirin da ya yi yawa illa ne. Ana ba yaro kaɗan-kaɗan bayan kowane kashi, ba a janye masa nono ko abinci, abin da wasu iyaye ke yi bisa zaton hutar da ciki, wanda kuwa yunwa kawai yake ƙara wa yaron.

Jini a kashi, amai ba ƙaƙƙautawa, ƙin kama nono ko kasala mai tsanani alamu ne da suka fi ƙarfin gida, sai a garzaya asibiti.