Yadda Ake Biyan Lauyoyi a Shari'ar Diyyar Allurar Rigakafi a Amurka

A ƙasar Amurka, wanda ya shigar da ƙarar neman diyya bisa zargin cewa allurar rigakafi ta yi masa lahani ba shi ne ke biyan lauyansa ba. Wani asusu na gwamnatin tarayya ne ke biya, kuma yakan biya ko da mai ƙarar ya faɗi shari'ar.

Tsarin ya samo asali ne daga dokar da Majalisar Dokokin ƙasar ta zartas a 1986, bayan yawan ƙararraki kan allurar rigakafin tarin shiƙa ya sa wasu kamfanonin magunguna suka daina yin ta, farashinta kuma ya hau. Shirin ya soma aiki ran 1 ga Oktoba, 1988. Maimakon a kai kamfani ƙara, sai a kai Sakataren Ma'aikatar Lafiya gaban wata kotun tarayya da ke Washinton, inda alƙalai na musamman ke sauraron shari'ar.

Kuɗin asusun yana fitowa ne daga harajin santi 75 da ake karɓa kan kowace allura, bisa kowace cuta da take karewa. Watau allurar da ke kare cututtuka uku harajinta dala 2 da santi 25 ne.

Dokar ta hana lauya karɓar ko sisi daga hannun mai ƙara, ko yankar wani kaso daga diyyarsa kamar yadda aka saba a sauran shari'o'in diyya a ƙasar. In mai ƙara ya yi nasara, biyan lauya wajibi ne. In ya faɗi, alƙali yana da ikon ba da umurnin biya, muddin an shigar da ƙarar da kyakkyawar niyya kuma tana da tushe mai ma'ana. Manufar ita ce kada tsadar shari'a ta hana marasa ƙarfi neman haƙƙinsu.

Wajen lissafi, ana ninka sa'o'in da suka dace da aikin da farashin sa'a ɗaya wanda kotu ta amince da shi. Lauya yakan gabatar da bayanin aikinsa dalla-dalla, tare da rasit na kuɗin da aka kashe kan ƙwararrun likitoci masu ba da shaida, takardun asibiti da tafiye-tafiye. Alƙali yakan zaftare sa'o'in da aka maimaita ko aka kumbura, ba a kuma biyan aikin akawu da farashin lauya.

Hukunce-hukunce uku sun fayyace iyakar wannan dama. A 2008, a shari'ar Avera, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yarda a riƙa biyan wani ɓangare kafin a kammala shari'a, abin da ke rage wa ƙananan ofisoshin lauyoyi nauyin jiran shekaru. A 2013, a shari'ar Cloer, Kotun Ƙoli ta ce ko ƙarar da ta wuce wa'adin shekara uku tana iya samun kuɗin lauya in ta cika sharuɗɗan nan biyu. A 2017 kuwa, a shari'ar Simmons, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce gudun cikar wa'adi kaɗai ba ya zama tushen ƙara.

Muhimmancin wannan tanadi ya fito fili lokacin annobar korona. An sa masu neman diyya kan alluranta ƙarƙashin wani shiri dabam na dokar 2005, wanda wa'adinsa shekara ɗaya ne kuma ba ya biyan lauya. A can, mai nema ko dai ya biya daga aljihunsa, ko ya tsaya wa kansa.