WASAN LABARI A TEBUR, DA DAJIN BIRNIN GWARI

Akwai wani irin wasa da ya yaɗu a Amurka da ƙasashen Turai tun daga 1974, wanda mu ke so mu jawo hankalin malaman makaranta da akawuna gare shi, domin muna ganin zai taimaka ƙwarai wajen koyar da tarihi. Ga yadda a ke yinsa. Mutum huɗu ko biyar za su zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki sunan wani mutum na cikin labari, ya zama shi ke magana da bakinsa, shi ke yanke masa shawara. Mutum guda kuwa shi ne mai jan labari. Shi zai bayyana musu inda su ke da abin da su ka tarar, su kuma su faɗi abin da za su yi, sa'an nan ya gaya musu abin da ya biyo baya. Babu wanda ya san ƙarshen labarin tun da fari, har shi mai jan nasa.

Asalin abin daga wajen soja ya fito. A 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya nuna wa shugabannin sojan Furusiya, a ƙasar Jamus ta yanzu, wani wasan yaƙi da a ke yi a kan taswira, da alƙali a tsakani mai faɗin wanda dabararsa ta ci. Aka daɗe ana yin irinsa, runduna biyu suna karawa, shi ke nan. Sai a 1969, a jihar Minnesota ta Amurka, wani saurayi wai shi David Wesely ya shirya wasan yaƙi a kan wani gari na ƙage mai suna Braunstein. Ban da shugabannin rundunonin biyu, sai ya ba sauran waɗanda su ka zo muƙaman mutanen gari, wannan magajin gari, wannan mai banki, wancan shugaban jami'a, waɗancan ɗalibai masu tada zaune tsaye, kowa da tasa bukata. To, abin mamaki, ba a ma kai ga yaƙin ba. Mutanen gari su ka shiga ƙulla wa juna makirci, ana yarjejeniya a ɓoye ana warwarewa, har lokaci ya ƙure. Shi Wesely ya ɗauka wasan ya lalace, amma 'yan wasan su ka ce a sake. A cikinsu akwai Dave Arneson, wanda daga baya shi da Gary Gygax su ka fito da wasan Dungeons & Dragons a 1974.

Kada mai karatu ya ce wannan baƙon abu ne gare mu ɗungum. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wasan kalankuwa, inda bayan kaka samari su kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, a kawo ƙara a yi shari'a a ci tara. A gidajen sarauta kuma an yi wasan gauta, inda matan cikin gida ke kwaikwayon sarki da hakimansa. Abin da Turawa su ka ƙara shi ne tebur, da takarda, da ƙa'idar yanke hukunci in an yi gardama.

ABIN DA KE TAFIYAR DA LABARI

Mu da ke aikin horon malamai mun sha ganin yadda sabon malami ya kan shirya wasan kwaikwayo na tarihi. Zai kawo mugu guda da nagari guda, ya rubuta wa kowa abin da zai ce, a ƙarshe nagari ya ci. Yara za su yi dariya, amma ba su yi tunanin kome ba, domin ba a bar musu abin zaɓa ba. Mugu irin na tatsuniya, kamar Dodo, abu ɗaya a ke yi da shi, ko a kashe shi ko a guje masa, daga nan kuwa sai ƙurunƙus.

Darasin Braunstein shi ne, in aka aza ƙungiyoyi uku ko huɗu a wuri ɗaya, kowace tana son abin da ya ke daidai a idonta, amma ba shi yiwuwa duka su samu, to, labari ba ya bukatar a tura shi. Duk abin da 'yan wasa su ka yi zai daɗaɗa wa wani ya ɓata wa wani, wanda aka ɓata wa kuwa ba zai zauna ba, sai ya motsa, motsinsa kuma ya jawo na wani. Aikin mai jan labari ya ragu ke nan. Ba sai ya ƙago abin da zai faru gobe ba, sai dai ya tambayi kansa, yanzu da wannan ya auku, me Ardo zai yi?

Ba sai mun tafi Jamus neman misali ba. Ga Birnin Gwari nan a yammacin Jihar Kaduna, a kan hanyar da ta tashi daga Kaduna ta nufi Tegina, inda kuma hanyar Funtuwa ta zo ta haɗu da ita. Ƙasa ce ta Gwarawa da Kamukawa da Hausawa da Fulani, mai dajin doka da kaɗanya da ɗorawa, wanda ya miƙe har ya haɗu da dazuzzukan Zamfara da Neja da Katsina. A ƙarni na 19 mutanen wannan yanki sun sha wuya da hare-haren Kwantagora, zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, har Turawa su ka ci Kwantagora a 1901. A 1936 aka keɓe wani sashi na dajin ya zama gandun daji na En'e, shi ne kuma a 1999 Gwamnatin Tarayya ta mayar Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 1,100.

Wannan shekara ta 1936 ita mu ke ba malamai shawara su ɗauka. Wasan da za mu zana a nan namu ne na ƙage, amma bukatun da ke cikinsa na gaskiya ne, duk inda aka shata gandun daji a ƙasar nan an gamu da su. En'e tana son a shata iyaka a hana sara da ƙuna, domin Razdan ya matsa. Manoman ƙauyen bakin daji gonakinsu sun gaji, bisa al'adarsu kuwa sai su bar tsohuwar gona ta huta su sari sabuwa, ga shi sabuwar ta faɗa cikin iyaka. Ardo da jama'arsa burtalinsu ya ratsa dajin zuwa mashaya, in an toshe shi da rani shanu sun halaka. Maharba da masu ɗiban zuma kuwa, a ƙarƙashin Sarkin Baka, su su ka san kowane lungu, kuma wuta ce kayan aikinsu.

Inda gwanintar ta ke shi ne a ɗaure kowace ƙungiya da 'yar'uwarta, yadda ba mai iya kawar da wani ya huta. En'e ba ta iya korar Fulani, domin jangali babban abin shiga ne ga baitulmali, in an matsa musu kuwa sai su ƙetare iyaka su biya shi a wata ƙasa. Manomi yana kuka da ɓarnar shanu, amma yana son Ardo ya sauka a gonarsa bayan girbi saboda taki, matarsa kuma tana sayen nono. Ma'aikacin En'e ba shi iya kewaya dajin sai maharbi ya shige masa gaba, shi kuwa maharbin ya san iyakar da zai nuna ita za ta hana shi farauta baɗi. In malami ya rubuta wa kowace ƙungiya abu uku a 'yar takarda, watau abin da ta ke so, da abin da ta ke tsoro, da abin da ke hannunta wanda wata ke bukata, ya gama rabin aikinsa. In ya ƙara mata asiri guda, misali a ce mai unguwa ya riga ya karɓi goro a kan wani fili da ke cikin iyaka, to, ya gama duka.

Su 'yan wasan kada a ba su shugabancin ƙungiyoyin nan, gara a sa su a tsakani. Ɗaya ya zama matashin akawun En'e da aka aiko ya rubuta iyaka, ɗaya ɗan maharbi mai yi masa jagora, ɗaya yaron Ardo mai tafinta, ɗaya kuma ɗan mai unguwa. An ba su kwana talatin su kai rahoto gaban majalisa. Akawunan da ke karanta wannan ba sai mun gaya musu yadda mutum ke ji ba in takarda ta ce abu ɗaya, dattijon da ya ba shi masauki ya ce wani.

Akwai wata dabara da ta cancanci aro daga wasan Blades in the Dark, wanda John Harper ya fitar a 2017. A can kowace ƙungiya ana zana mata da'ira a tsaga ta gida huɗu ko shida ko takwas, kamar fuskar agogo, a rubuta abin da ta ke shiri a kai. Duk sa'ad da lokaci ya wuce ba a tare ta ba, sai a cike gida guda, in da'ira ta cika abin ya auku. Malami zai iya zana irin wannan a allo, ya rubuta "maharba sun sa wa daji wuta" a ɗaya, "Ardo ya tashi da shanunsa" a ɗaya. Yara na ganin gidaje na cika, su kuwa ba su iya zuwa wuri biyu a lokaci guda, sai ka ga gardama ta kaure tsakaninsu a kan wanda za a fara lallashi.

Turawa su kan jefa 'ya'yan lido domin yanke abin da ke da shakka, har da wani mai fuska ashirin. Mun san iyaye da yawa za su ga wannan ya yi kama da caca, ba mu kuwa ga dalilin jawo wa makaranta magana ba. A rubuta lamba ɗaya zuwa shida a 'yan takardu a zuba a hula, ya wadatar.

ABIN DA ZA A KIYAYE

Wani malami zai ce, me ya sa za a koma 1936, alhali ga ƙungiyoyi masu gaba da juna a dajin nan a zamaninmu? Gaskiya ne. Shekaru da dama 'yan bindiga su ka addabi ƙasar Birnin Gwari, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, ga 'yan sa-kai, ga 'yan Ansaru, su kansu 'yan bindigar ba bakinsu ɗaya ba, domin a watan Maris 2018 ne Dogo Giɗe ya kashe Buharin Daji, wanda da tare su ke. A watan Mayu na wannan shekara aka kai hari ƙauyen Gwaska aka kashe mutane fiye da arba'in. Sai a Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan ta yi shekaru a rufe.

Duk da haka ba mu yarda a kai wannan cikin aji a matsayin wasa ba. A makarantun wannan yanki akwai yaron da aka kashe ubansa, akwai wanda aka sayar da gonarsu aka fanshi uwarsa, akwai kuma ɗan Fulanin da aka ƙone rugarsu bai san hawa ba bai san sauka ba. Wasan nan ƙarfinsa shi ne ya sa mutum ya shiga rigar wani ya yi magana da bakinsa, to, ba daidai ba ne a ce wa maraya ya shiga rigar wanda ya maishe shi maraya, ko a sa shi ya zauna yana kallon abokinsa na yi. Shekarar 1936 kuwa ta yi nisa yadda ba ta fama wa kowa gyambo, amma burtali da mashaya da gona da iyaka, waɗanda su ke cikin tushen rigimar yau, duk suna nan a ciki, kuma a wasan ba wanda ke riƙe da bindigar yaƙi, sai dai baki da dabara.

Haka kuma kada malami ya raba muƙamai bisa ga asalin yara. Ɗan manomi shi ya kamata ya zama yaron Ardo, ya ji yadda a ke ji in an wayi gari an shuka dawa a kan hanyar ruwa, ɗan Fulani kuma ya zama ɗan mai unguwa, ya tsaya a kan gonar da shanu su ka kwana a ciki. Kada kuma a bar wata ƙungiya ta zama ita ce muguwa tun daga farko. In malami ya duba takardarsa ya ga akwai ƙungiyar da shi kansa ba zai iya tsaya mata a gaban alƙali ba, to, bai gama rubuta ta ba.

Darasi biyu na minti arba'in sun isa wasan, na uku kuma a ware shi domin yara su ajiye sunayen wasa su faɗi dalilin abin da su ka zaɓa. Malamin da ke son ya ƙara wa wasansa nauyi sai ya zauna da dattawan garinsu ya tambaye su inda tsohon burtali ya bi da sunayen mashayu, in kuwa hanya ta kai shi Kaduna, ya leƙa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda a ke ajiye fayilolin lardunan Arewa na zamanin En'e.