Labarin Ken Saro-Wiwa, Mai Wasan Basi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, wannan labarin wani marubuci ne mutumin ƙasar Ogoni, wanda ya daɗe yana ba jama'ar Nijeriya dariya a talabijin, daga bisani mutuwarsa ta girgiza duniya.

An haifi Kenule Saro-Wiwa ran 10 ga watan Oktoba 1941 a garin Bori, cikin ƙasar da ake kira Jihar Ribas yau. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Umuahiya, daga nan ya zarce Jami'ar Badun, ya ƙware a Turanci. Da yaƙin basasa ya tashi cikin 1967 bai bi Biyafara ba, ya goyi bayan Gwamnatin Tarayya, aka ba shi riƙon garin Boni na bakin teku. Daga nan ya zama kwamishina a Jihar Ribas, har 1973 da aka sallame shi. Sai ya kama ciniki, Allah ya buɗa masa, har ya kafa kamfaninsa na buga littattafai mai suna Saros.

Da ƙarfin dukiyar nan ya shiga aikin talabijin. Wajen tsakiyar shekarun 1980 ya ƙago wasan kwaikwayo mai suna Basi and Company. Shi ke rubutawa da hannunsa, shi kuma ke shiryawa. A Inugu ake ɗaukar wasan, ana nuna shi ƙasa duka ta gidan talabijin na tarayya, watau NTA.

Shi Basi wani matalauci ne a Ikko, kullum uwar ɗakinsa Madam tana binsa kuɗin haya, amma ba shi da buri sai ya wayi gari attajiri ba tare da gumi ba. Kowane mako da irin dabarar da zai ƙulla shi da abokansa, kowane mako kuwa sai reshe ya juye da mujiya. Wanda ya san Gizo a tatsuniya ya san Basi. Nufin marubucin shi ne ya nuna wa mutane cutar da ta kama ƙasa tun da kuɗin man fetur suka shigo, watau kwaɗayin arzikin dare ɗaya. Ya kuma nace a yi wasan da Turanci tsantsa, ba buroka ba, domin kowace kabila ta ji, yara kuma su ƙaru. An yi kashi fiye da 150 kafin wasan ya tsaya cikin 1990.

A shekarar nan ce ya mai da hankali ga kukan mutanensa. Tun 1958 kamfanin Shell ke haƙar mai a ƙasar Ogoni, mai yana malala cikin gonaki da rafuffuka, kifi na mutuwa, masu ƙasa ba su ga amfani ba. Suka kafa ƙungiyar MOSOP, ya zama bakinta. Ran 4 ga Janairu 1993 mutum wajen 300,000 suka fito zanga-zangar lumana.

Cikin watan Mayu 1994 aka kashe dattawan Ogoni huɗu a wani taro. Aka kama shi, aka ce shi ya zuga. Ya musanta. Kotun musamman ta gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke masa hukuncin kisa, ko da yake waɗansu shaidu sun ce toshiya aka ba su. Ran 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye shi a Fatakwal tare da mutum takwas. Nan take aka dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, har 1999.

Cikin 2009 Shell ya biya dala miliyan 15.5 domin a kashe ƙarar da iyalan mamatan suka kai a Amurka, amma bai amsa laifi ba. Cikin Yuni 2025 Shugaba Tinubu ya yi wa mutum taran nan afuwa. Danginsu suka ce wankewa suke biɗa, gama afuwa mai laifi ake yi wa.

Allah ya tsare masu alƙalami, ya ba masu mulki ikon yin adalci. Tamat.